Tsirkiya na dukan hannuna, kibau kuma sai hagu

Nura: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da fara koyon harbin baka a nan Jos. Da dama nake ja, ƙarfin jan bakan laba 34 ne, tazara mita 18. Tsirkiya ta mayar min da hannun hagu shuɗi, kibau duk hagu suke zuwa, kafin kibiya talatin kafaɗa ta ɗau zafi. Ina gyaran yake?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bakan ya fi ƙarfinka. Mai koyo daga laba 18 zuwa 24 yake farawa. Gwada: ja har haɓa ka riƙe daƙiƙa 10. In hannu ya kama rawa, ka sauya fikafikan bakan, wato sassan sama da ƙasa masu lanƙwasa, da masu sauƙi.

Maganar duka kuma, gwiwar hannu ce. Dafa bango da tafin hagu, ka murza gwiwar har lanƙwasar cikinta ta daina kallon sama, ta kalli gefe, ba tare da kafaɗa ta ɗago ba. Yi sau ashirin kullum. Sannan ka daina damƙe bakan kamar ƙotar fartanya. Ya zauna kan tsokar gindin babban yatsa, sauran yatsu a sake. Ɗaura masa igiya a yatsu don kada tsoron faɗuwarsa ya sa ka cafke shi.

Hajiya Binta: Abin da Malam ya faɗa haka yake. Tsirkiyar da ta goge hannu ko rigar sanyi ma tana karkatar da kibiya hagu, ga shi hunturun Jos ba a fita ba rigar. Sa makarin fata a kanta. Ɗaya dalilin shi ne fizge yatsu waje lokacin saki. Yatsan nuni ya tsaya ƙarƙashin haɓa, tsirkiya ta taɓa kan hanci, wuri ɗaya kowane harbi. Ka ja da allon kafaɗa, ka sassauta yatsu kawai. Hannun zai zame da kansa ta gefen wuya.

Nura: To in taɓa saitin, wato abin auna hari da ke jikin bakan?

Malam Isiyaku: Tukuna. Matso har tazarar ta koma mita 5, ka cire takardar hari, kibiya shida-shida har sati biyu. In sun fara taruwa wuri guda amma har yanzu hagu, sai mu duba kibau, wataƙila sun yi wa bakan tauri.