Me za mu kira guntayen iccen da inji ke daddatsawa?

Jama'a, ku taimaka mini da kalma. Wani mai gidan burodi a nan Katsina ya turo mini bidiyon wani inji da ake zura wa reshe ta baki, ya fesar da shi ta baya ƙanana-ƙanana, kowane bai wuce kwalin ashana ba. Bature na ce musu wood chips. A Suwidin da Finlan da irinsu ake hura manyan tukwanen da ke ɗumama gidaje lokacin sanyi. Ya ce, Malam, mu me za mu ce da su?

Na farko da aka kawo shi ne dusar katako. Ban karɓa ba. Dusa ta zarto ce, gari ce, kuma haɗa su a suna zai sa a haɗa su a tsibi, alhali nan asarar take. Ɗanyen icce kusan rabinsa ruwa ne. In aka datsa shi aka tara, funfuna da ƙwayoyin cuta sai su kama cinsa, tsibin ya ɗau zafi daga ciki kamar jujin taki. Gari da ganye da ɓawo su ke toshe hanyar iska. Bayan 'yan watanni tsibi na nan a ido, amma nauyi ya ragu, wutarsa ta yi rauni. Babban tsibi ma kan kama wuta da kansa.

Wani ya ce ƙirare. Ƙirare bishiya ce ta zubar, yara suka tsinto. Faskare kuwa aikin gatari ne, ya yi girma.

Sai wani dattijo daga Daura ya ce: "Yaro, ai sassaƙe ne. Je ka gindin mai sassaƙa turmi ka ga abin da gizago ke zubarwa." Gaskiyarsa, siffar ɗaya ce. Damuwata kawai, in ka shiga kasuwa ka ce kana neman sassaƙe, wurin mai magani za a nuna maka, ya ɗebo maka na maɗaci ko na marke. Don haka na ƙara masa wutsiya: sassaƙen inji. Baba ya ce ya yarda, ko da yake inji ba ya sassaƙa, sara yake.

Mai burodin dai na ce masa kada ya datsa sai ya bushe. Ya jera rassan bedi, wato dalbejiya, da aka sassabe a kan duwatsu saboda gara, iskar hunturu ta yi aikinta. In danshi ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, funfuna ba ta samun abin kamawa. Da damina a sa su ƙarƙashin rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe. Kada a nannaɗe tsibin da leda, gumi zai yi ya ruɓe.

Saura guda: shi wannan zafin da tsibi ke ɗauka, gumi za mu ce ko turara? Manoman da suka taɓa tara ɗanyar harawa, ku ake jira.