Shatar mota daga Sakkwato zuwa Abuja, kai kawai ba dawowa: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata da ke aure a Kubwa, Abuja, ta haihu, kuma Inna za ta je ta zauna da ita har a yi arba'in. Saboda ciwon gwiwar da take fama da shi na nemi shatar mota, amma direban ya yanke mini kuɗin da ya kusa cinye albashina na wata, yana cewa sai na biya har da man dawowa. Ga buhun gero da kanwa da yajin jego da za ta tafi da su. Shin akwai hanyar da ta fi sauƙi, wadda ba za ta wahalar da tsohuwa ba?

Wani tsohon direba: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ƙanena, direban nan bai zalunce ka ba. Idan ya sauke Inna a Kubwa ba shi da layi a tashar can, domin 'yan yuniyan ba za su bar baƙuwar mota ta yi lodi gaban waɗanda suka kwana suna jira ba, saboda haka ko dai ya komo wayam, ko ya yi ta tsintar fasinja a bakin hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan dawowar ce ke ninka kuɗin shata. Abin da za ka yi shi ne ka je babbar tasha da yamma, ka tambayi 'yan kamasho motar da ta kawo mutane daga Abuja kuma za ta koma gida da safe. Shi wannan direban komawa ta zame masa dole, don haka zai saurari tayinka.

Wata Hajiya: Ni ban ga dalilin shata ba, Malam. Lokacin da na kai mahaifiyata Kaduna, kujeru biyu na saya mata a motar haya ƙirar Sharon, ni kuma na zauna kusa da ita, ta miƙe ƙafarta har muka isa. Kayan kuwa ka ba da su sallahu a tasha kwana ɗaya kafin tafiyar, ka karɓi lambar direban, surukinka ya tarbe su. Abin da nake roƙonka kawai shi ne ku hau motar farko, ku wuce Gusau da Tsafe zuwa Funtuwa da rana tsaka, kada sauƙin kuɗi ya ja ku zuwa tafiyar dare.

Wani ɗan'uwa: Ka kuma duba jirgin ƙasa. Idan kun isa Kaduna kuka kwana, sai ku hau a tashar Rigasa, kuma yana tsayawa a Kubwa kafin tashar Idu ta Abuja. Jirgin sama daga filin Sultan Abubakar III ya fi komai sauƙi ga gwiwarta, sai dai ka sayi tikiti da wuri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna ta ce ba za ta hau jirgin sama ba, saboda haka zan bi shawarar Hajiya. Geron zai riga mu tafiya ranar Laraba, mu kuma mu bi shi Alhamis bayan sallar asuba, in Allah ya yarda.