Muhawara: juya ganye kaɗai ya isa a gane fan a lambun gida?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwa a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, ta turo hotunan shuke-shuke uku da ta tarar a gidan da suka koma cikin wannan wata na Afrilu. Na farko yana cikin tukunya, ganyensa dogo, da ƙananan ganyayyaki jere hagu da dama. Na biyu ganyensa siriri ne, yana zubowa ta gefen tukunya. Duka biyun maƙwabta sun ce mata fan ne, wato tsiron nan marar fure da ake kira fern da Turanci. Na uku a ƙasa yake gindin katanga, ganye masu faɗi suna fitowa daga wani kai mai kama da albasa, babu fure. Tana son sanin sunansu da wanda ya kamata ta bari.

Alhaji Mai Dashe: Wa alaikumus salam. Wanga abu ba shi da wuya. Fan ba ya fure, ba ya 'ya'ya, da ƙurar iri yake yaɗuwa, ƙurar kuwa bayan ganye take. Ta juya ganyen. In ta ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, fan ne. In ba ta gani ba, ba shi ba ne, magana ta ƙare. Kuma ni ban yarda akwai fan na gaskiya da ke zama tsakar gida a Sakkwato ba. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, hunturu kuma ya shanye danshin iska. Abin da anka saba sayarwa da sunan fan duk Asparagus ne, wani tsiron ado mai kama da shi.

Malamar Tsirrai: Alhaji, ranka ya daɗe, rabin maganar daidai ne, rabin kuma zai sa a tuge shuka mai kyau. Ganin ɗigon hujja ce, rashin ganinsa ba hujja ba ce. Fan ƙarami wanda bai balaga ba ba ya yin su. Wanda ya balaga ma ba kowane ganyensa ke ɗauke da su ba. Kuma da yawa daga nau'o'in ado na fan ɗin da ake kira Nephrolepis, musamman masu cukurkuɗaɗɗen ganye, da ƙyar suke yin ƙurar iri, ta hanyar raba gindi ake yaɗa su. Alamar da za a fara nema ita ce sabon toho. Fan yana fito da sabon ganye a nannaɗe, kansa a lanƙwashe ciki, yana warwarewa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Asparagus kuwa tohonsa miƙaƙƙe ne, tsinin yana kallon sama tun daga fitowa. Ta buɗe tsakiyar tukunyar da yatsa ta duba gindi.

Malam na Gandun Daji: Ina tare da Malama, kuma ɗigon ma yana ruɗi ta ɗaya ɓangaren. Akwai ƙwari masu ɓawo da ke manne wa ganye, launinsu ruwan ƙasa, girmansu kusan ɗaya da jakar ƙurar iri. Bambancin a tsari yake. Jakunkunan iri suna jere a layi, tazara ɗaya, hagu da dama na jijiyar ganye, kuma a baya kawai. Ƙwarin a warwatse suke, suna taruwa a kan jijiya da kara, har saman ganye. In an kankare da farce sai ya ɓalle gaba ɗaya ya bar ɗan danshi, ganyen yana danƙo, sau da yawa tururuwa na hawa da sauka. Mutane na kuskure ta fuska biyu: su fesa magani a kan lafiyayyen fan don sun ɗauka ƙwari ne, ko su ƙyale ƙwari don sun ɗauka iri ne.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na takarda. A yanki ganye mai ɗigon, a kifa bayansa a kan farar takarda, a rufe da wata, a ajiye a ɗaki inda fanka ba ta kaɗawa, kwana ɗaya zuwa biyu. In iri ne da ya nuna, za a ga ƙura mai laushi ta zuba ta bi siffar layukan. Ƙwaro ba ya zubar da irin wannan ƙurar.

Alhaji Mai Dashe: To, na ji batun toho. Amma Malama, Cycas fa, wanda ake ce ma dabinon ado? Shi ma ƙananan ganyayyakinsa a nannaɗe suke fitowa, kuma ba fan ba ne. Ashe taki alamar ma tana da ɓaraka.

Malamar Tsirrai: Tana da ita, Alhaji, shi ya sa ban ce ita kaɗai ba. Cycas ganyensa da ya ƙosa tauri gare shi yana suka, yana fitowa a zagaye daga kan kututture mai kauri. Fan na tukunya ganyensa laushi ne, daga wani kara da ke kwance cikin ƙasa ko a bakinta yake tashi, galibi mai ɓawo-ɓawo ko gashi ruwan ƙasa. A haɗa uku: toho, gindi, bayan ganye.

Hoto na farko Nephrolepis ne a ganina. Ta duba waɗannan: wasu siraran igiyoyi marasa ganye suna fita daga gindi suna neman ƙasa, ƙananan farin ɗigo jere a gefen ganyayyaki ta sama, wanda gishirin ruwa ne da ganyen ke fitarwa, ba cuta ba, in akwai jakunkunan iri, suna kusa da gefe, kowace da murfi mai siffar ƙoda. In ta zare shukar daga tukunya ta ga ƙulle-ƙulle masu ɓawo a jikin igiyoyin, Nephrolepis cordifolia ne. In babu, ya fi kusa da Nephrolepis exaltata.

Hajiya Mai Furanni: Na biyun kam Alhaji ya yi gaskiya, Asparagus densiflorus ne, ɗan'uwan wanda ke daji da ake kira tarkon ɓera. Ta shafa karan daga sama zuwa ƙasa a hankali za ta ji ƙananan ƙaya. Yana yin farin fure ƙanana, sannan 'ya'ya kore su koma ja, kuma kada yara su ci. A ƙasa yana da fararen ƙulle-ƙulle dogaye masu santsi cike da ruwa. Akwai ɗayan, Asparagus setaceus, mai ganye lallausa a shimfiɗe, yana hawa, 'ya'yansa baƙi.

Amfanin rabewar a wurin ban ruwa yake. Asparagus yana da ajiyarsa, sai saman ƙasar ya bushe kamar gaɓar yatsa biyu za a ƙara. In ana ba shi safe da yamma ƙullen su ruɓe, ganyen ya yi rawaya ya zube, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Nephrolepis akasin haka ne, ba ya son ƙasarsa ta bushe ƙayau. Kuma Alhaji, yana rayuwa a Sakkwato. A sa shi inuwar da rana ba ta faɗa masa kai tsaye, gindin katangar da ke kare iskar gabas ta hunturu. A saka tukunyarsa cikin wata tukunyar ƙasa da ta fi ta girma, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin. Kusa da randa ya fi ko'ina. Gefen ganye zai ƙone a bazara, a yanke waɗanda suka mutu daga gindi, damina na sauka zai sake.

Malam na Gandun Daji: Ko a daji ma ƙasar nan ba ta rasa fan ba. Marsilea yana fitowa a taɓon fadamu da kududdufai, ganyayyaki huɗu a kan siririn kara. A juya bayansa duk yadda ake so ba za a ga ɗigo ba, domin irinsa yana cikin wasu ƙananan kwanso masu tauri a gindin kara, waɗanda ke bayyana in ruwa ya janye. Wanda ya ɗebo ƙasar fadama daga gefen gulbin Rima ya cika tukwane yana iya ganinsa ya tsiro. Ana ruɗa shi da Oxalis, amma wanda aka fi gani ciyawa a tukwane ganyayyakinsa uku ne, da ƙaramin fure rawaya.

Abin da ya fi yawan ruɗin mutane kuwa ƙananan itatuwa ne da ke tsirowa daga taki: bagaruwa, tsamiya, Leucaena, Delonix. Su suna da kara a tsaye da ke yin itace, da ido a hammatar kowane ganye, da ɗan kumburi a inda ganyen ya haɗu da kara, da saiwa guda mai nutsewa. Da dare ganyensu yana rufewa. Fan ba ya haka, in ka cire Marsilea. In aka bar Delonix gindin katanga da sunan fan, saiwarsa ce za ta tsaga ginin nan gaba.

Ɗan Autan Zaure: Iyayena, ku gafarce ni, amma duk wannan waya na yin sa a daƙiƙa kaɗan. Da manhajar PlantNet ko Google Lens, a ɗauki hoto, suna ya fito.

Malamar Tsirrai: Ɗana, suna taimakawa ƙwarai in akwai fure. A kan fan da kan ganye tsirara ne suke rauni, don abin da ke raba nau'i yana baya ko cikin ƙasa, hoto daga sama ba ya kama shi. In za a yi amfani da su a ba su hoto biyar: shukar gaba ɗaya, saman ganye, bayan ganye kusa-kusa, gindi inda ya shiga ƙasa, sai fure ko 'ya'ya. A ɗauka da safe a inuwa, da farar takarda a baya. Sunan da ya fito a ɗauke shi zato, a gwada shi da alamomin da muka lissafa. PlantNet yana nuna kaso cikin ɗari a gefen kowane suna, kuma mutane ba sa kallonsa.

Hajiya Mai Furanni: Hoto na uku shi ne misali. Babu wayar da za ta faɗi sunansa yau da tabbaci, amma ganyen yana rage zato. In ganyen suna fitowa a zagaye ta kowane gefe, ya fi kama da Crinum, albasar kwaɗi. In suna jere gefe biyu suna fuskantar juna, Hymenocallis ne ko Hippeastrum. Zephyranthes ba ya cikin lissafi, shi ganyensa siriri ne, fure ɗaya a kan kara, 'yan kwanaki bayan ruwan sama. Fure ne zai yanke hukunci. Hymenocallis fari ne, da wani siririn ƙoƙo a tsakiya da ke haɗa gindin zaren furen. Crinum ba shi da ƙoƙon, wanda aka fi gani a ƙasarmu fari ne da ratsin ja a tsakiyar kowane ɓangare, karan furen a cike yake kuma ta gefen kan yake ɓullowa. Hippeastrum karansa rami ne a ciki, in an matsa za a ji. Dukansu ɓangarorin fure shida ne, dukansu guba ne. In an murza ganye babu warin albasa, to ba ta miya ba ce, a hana yara da awaki.

Alhaji Mai Dashe: Nan kam babu gardama, sai dai ku ƙara masu ɗanko, don su anka fi ruɗewa da su a rani. Kariya ana gane ta da kumburin gindi, tana fure ruwan hoda lokacin da ganye ya kaɗe, kwansonta biyu-biyu, irin da gashi a kowane kai.

Malam na Gandun Daji: Da sharaɗi ɗaya, Alhaji: kariyar da aka dasa daga reshe ba ta kumbura gindi kamar ta iri, har akan ruɗa ta da Plumeria. Plumeria rassanta kauri ne masu dakusasshen kai, da manyan tabon ganye, tana zubar da farin ɗanko da yawa in an karya. Nerium ganyensa uku-uku yake fitowa a gaɓa ɗaya, dogo mai tauri. Thevetia ganye ɗaya-ɗaya ne siriri mai sheƙi, fure rawaya, ɗa mai kusurwa. Kariya da Nerium da Thevetia gubarsu zuciya take taɓawa. A sa safar hannu wurin yankan su, kada a ƙona rassan a murhu, kada a zuba wa dabbobi. Haka Gloriosa da ke ɓullowa da damina, wadda tsinin ganyenta ke nannaɗewa yana kama abin hawa, saiwarta na kisa.

Malamar Tsirrai: Abin da ya gagara a kai shi ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A yanko reshe mai tsawon santimita 30 da fure ko 'ya'ya. In fan ne, cikakken ganye tun daga gindi da ɗan guntun karan ƙasa, a juya wasu ganyayyakin bayansu ya kalli sama. A shimfiɗa cikin jarida, a danne tsakanin katako biyu da bulo a kai, a sauya jaridar kullum a kwanakin farko, in ba haka ba ya yi baƙi ya yi funfuna. A iskar rani mako guda ya isa ga mai siririn ganye. A rubuta rana, unguwa, tsawon shukar, launin fure, ƙamshi da launin ɗanko, don duk waɗannan suna gushewa in ya bushe. Kada a kai shi cikin leda a rufe, zafi zai dafa shi kafin a isa.

Alhaji Mai Dashe: Shi na ukun ni shawarata ta tone shi yanzu ta ga kan. Crinum kansa babba ne da dogon wuya, nan take za a sani.

Hajiya Mai Furanni: A'a Alhaji, kada ta tone. Crinum ba ya son a taɓa saiwarsa, in aka tuge shi yana iya tsallake furen shekarar, kuma a zafin nan saiwar da ta fito fili ba ta jurewa. Ta yaye ƙasar gefe ɗaya da hannu zurfin yatsa ta ga wuyan, ta mayar. Ta kafa ƙaramin itace a wurin don kada a share shi in ganyen ya bushe, ta ba shi ruwa sau biyu a mako, ta jira damina. In karan fure ya ɓullo ta turo hoto kafin ya buɗe da kuma safiyar da ya buɗe, tana nuna tsakiyar furen.