Neman shawara: abokan karatu sun dame ni mu je cin ramen a Fukuoka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake a Fukuoka, ƙasar Japan. Abokan karatuna suna da wani ɗan shagon ramen (taliya ce cikin romo) kusa da makaranta, duk Juma'a da dare can suke cin abinci har da malaminmu, kuma kullum sai sun gayyace ni. Na ƙi, na ƙi, har na fara jin nauyinsu. Ɗayansu ya ce in zaɓi shio, wai gishiri ne kawai. Zan iya ci? In babu hali, yaya zan yi kada su ɗauka gudunsu nake?

Wani ɗan uwa daga Tokyo: Wa alaikumus salam. Malam, ai ka sauka a gidan tonkotsu, wato romon ƙashin alade. Ramen ɗin Hakata da garinku ya yi suna da shi, ƙashin alade ake tafasawa awanni har romon ya yi fari fat. Shio, shoyu da miso kuwa kayan ɗanɗano ne da ake fara zubawa a gindin kwano, sannan a kwararo romo a kai. Ƙananan shaguna galibi tukunyar romo ɗaya gare su, don haka gishirin abokinka kan romon alade zai hau. Yankakken naman da ake ɗorawa, chashu, shi ma alade ne.

Wata 'yar uwa daga Osaka: Ko mai romon kaza, tori paitan, kada ka saki jiki. Ana sa giyar shinkafa, mirin ko sake, a kayan ɗanɗanon, wasu su ƙara kitsen alade don ƙamshi, ga kuma batun yankan kazar. Taliyar ita kanta fulawa ce da gishiri da ruwan kansui (kamar ruwan kanwa), galibi ba ta da laifi. Akwai shagunan ramen na halal a Tokyo, Kyoto da nan Osaka. Na wajenku ka tambaya a masallacin Fukuoka da ke Hakozaki bayan Juma'a, 'yan Indonesiya da Maleshiya sun san lungun da ake samu.

Wani dattijo a cikinmu: Ɗana, ka gaya musu gaskiya sau ɗaya, a gaban malamin: "Butaniku wa taberaremasen", ba na cin alade. Ba za su ji haushi ba, ƙin da babu dalili ne ke ɗaure musu kai. Amma kada ka bi su ka zauna haka. Kujerun 'yan kaɗan ne, mutane na layi a waje, kowa ana sa ran ya sayi kwanonsa. Kai ka nemo na halal, ka ja su can wata Juma'ar.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, in na ja su can ni zan biya, ko kowa aljihunsa?

Dattijon: Kowa aljihunsa. A shaguna da yawa ma tun a ƙofa kowa ke sayen tikitinsa a na'ura.