Baje kolin hotuna da zane-zane a laburaren jami'a: ta ina za mu fara?

Ma'aikacin laburare, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina aiki a laburaren ɗaya daga cikin jami'o'inmu na nan Katsina, kuma an ɗora mini alhakin shirya baje kolin tsofaffin hotuna da zane-zane a zauren shiga, inda ɗalibai ke ajiye jakunkunansu kafin su wuce ɗakunan karatu. Burina shi ne ɗalibin da ya zo neman littafi ya tsaya ko da minti biyar ne, ya ga yadda Ƙofar Guga da Hasumiyar Gobarau suke a zamanin kakanninsa. Sai dai gidajen da suka yi alkawarin ba mu aron hotuna suna tsoron kada su lalace, wasu abokan aikina kuma suna ganin laburare wurin natsuwa ne, ba dandalin kallo ba. Ina neman shawararku.

Mai ɗaukar hoto, Ƙofar Ƙaura:

Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoron masu hotunan yana da tushe, domin ni ma abin ya taɓa cina. Na ba da aron hoton mahaifina na hawan sallah ga masu wani taro, suka manna shi da salatif a gefen taga. Bayan wata biyu da aka dawo mini da shi, jan alkyabbarsa ya koɗe, wajen ɓare salatif ɗin kuma rabin fuskar dokin ya tafi, alhali ba mu da wani hotonsa a kan doki sai wannan.

Saboda haka kada hoto na asali ya hau bango. Ka je gidan mai shi da na'urar sikana, ka ɗauki kwafi a gabansa, ka miƙa masa kayansa kafin ka tashi, sannan a wanke kwafin da girma a sa a firam mai gilashi saboda ƙurar hunturu. Ka guji bangon da rana ke duka da wanda ke tsatsafo da damina. Ka kuma karɓi izinin iyalin a rubuce, musamman idan akwai matan gida a hoton.

Tsohon malamin tarihi:

Ɗana, shawarar mai hoto ta yi, amma ni abin da ya fi damuna shi ne rubutun da zai zauna a ƙarƙashin kowane hoto. Hoton da ba a san wane ne a ciki ba, ko yaushe aka ɗauke shi, ado ne kawai, laburare kuwa gidan ilimi ne. Ɗauki misalin Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Ginin nata shi ne gidan tarihi na ƙasa a yau, amma sau nawa matasanmu suke wuce shi ba su san abin da ya fito daga cikinsa ba? Haka nan idan ka samu hoton Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ko na ɗansa Usman Nagogo, kada ka tsaya a sunan sarki kaɗai. Ka kai kwafin wurin dattawa su nuna maka dogarai da 'yan lifida da hakiman da ke tsaye a baya, tun masu iya gane fuskokin suna raye. Bayanin ya kasance da Hausa, da boko da ajami, a kuma jera littattafan da suka shafi kowane hoto a teburi kusa da shi. Da wannan za ka amsa wa abokan aikinka.

Ɗaliba daga Daura:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina da ɗan ƙari a kan maganarku. Idan aka cika zauren da sarakuna da dawakai kaɗai, ɗalibai za su ɗauka cewa fasaha ta ƙare da mutanen da. Muna da alarammomi masu zayyanar allo, da magina masu zanen dagi a fuskar soro, da maɗinka masu fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da mata masu saƙar faifai kala-kala, kuma dukkansu suna nan da ransu. Wanda ba ya son kallon hoton mai rai zai samu abin da zai tsaya a gabansa. Akwai kuma ɗaliban da suka ɗauki Rijiyar Kusugu da hawan Sallar Gani da wayoyinsu, waɗanda suka cancanci a ware musu bango guda. Roƙona kawai shi ne a kauce wa makonnin jarrabawa, lokacin da kujera ma wuya take yi a laburare.

Ma'aikacin laburare, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da gidaje uku da suka riga suka amince, in nemi a buɗe a farkon zangon karatu. Baba, idan babu takura, zan so in kawo muku kwafin hotunan farko ranar Asabar bayan la'asar, domin akwai guda ɗaya na bakin kasuwa da har yanzu ba a samu wanda ya gane shekararsa ba.