Musayar waƙa: Fulk Nera, mai ƙasar Anju

Ɗan Rano: Salamu alaikum jama'a, yau ba soyayya, tarihi za mu taɓa. Wani basarake ne a Faransa, Fulk Nera, ya riƙe Anju daga 987 har 1040, a suna dai yana ƙarƙashin sarkin Faransa amma abin da ya ga dama yake yi. Bismillah.

Bai kai ashirin ba ya gaji uba,
Maƙwabta na cewa yaro ba zai iya ba,
Konan mai Ren ya ja daga bai sani ba,
A 992 ya faɗi a Konkeroi, bai koma gida ba.

'Yar Katsina: Haba malam, kirari kawai? Ina zancen wutar?

Ka faɗi yaƙi ka tsallake Elizabet matarsa,
Wuta ta cinye ta a Anje, birnin mulkinsa,
Akwai marubutan da suka ce shi ya sa, da umarninsa,
Wai ta ci amana ne a bayan idonsa.

Magini: Yaya ki yi haƙuri, ni gininsa ne ya ɗaure min kai, lokacin yawanci da katako da ƙasa ake yin ganuwa shi kuwa ya koma dutse, har yau na Lanje da na Losh suna nan tsaye.

Lanje, Losh, Monbazon, dutse kan dutse,
Ya zagaye Odo mai Bulwa, hanya ta ƙuntace,
A Ponlabwa, 1016, daga doki ya kifce,
Ba don Habat mai Men ba da ranar ya mace.

'Yar Katsina: To ai ka ji, wani ne ma ya cece shi 😂

Ya ci Somur a 1026, gidan ibada ya ƙone,
Dama tsoron wutar lahira ya kama mai ƙone-ƙone,
Kudus sau uku aƙalla, jiki duk ya ƙone,
An ce igiya a wuya, ana bulala, yana "ni mai laifi ne".

Ɗan Rano: Kai Hajiya yau ba sassauci! Bari in rufe nawa.

A Mez ajali ya tare shi, yana hanyar dawowa,
Gidan ibadar Boliyo da ya gina, can aka kai gawa,
Ta tsatson 'yarsa Hanri na biyu ya samu fitowa,
Sarautar Ingila a 1154 ya yi hawa.

Magini: Saura ɗansa Jofre Martel da ya yi wa uban tawaye tun yana raye, Yaya ke za ki fara ko in fara?