Ma'adanar kwamfutar tebur ta cika: me kuke fitarwa waje, me kuke bari a ciki?

Mai shagon buga takardu, yankin Ƙaraye

Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa masu sana'a da kwamfutar tebur a garuruwanmu na karkara su ba mu labarin yadda suke yi idan ma'adanar ciki ta yi musu kaɗan. Tawa Dell ce ta hannu, ma'adanarta SSD, wato irin mai sauri marar faifai, mai giga 128, kuma Windows 10 da Office da CorelDRAW sun riga sun cinye fiye da rabinta tun kafin a ajiye aikin kowa. Katunan gayyatar biki, da takardun jarrabawar makarantu, da hotunan fasfo da mutane kan dawo nema bayan watanni, duk suna nan jibge, har layin da ke nuna cikar ma'adanar C, wato ta ciki da Windows take kai, ya koma ja. Na sayo ma'adanar waje mai tera 1, wato giga 1,000, sai dai kafin in fara kwashe kaya ina so in ji daga waɗanda suka riga ni: me ya kamata ya fita, me kuma ya wajaba ya zauna a ciki?

Malamin kwamfuta a makarantar sakandare, yankin Ringim

Wa alaikumus salam. Malam, layin nan yakan koma ja ne idan abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma a kwamfutocin ɗakin karatunmu na lura cewa yawancin abin da ke cika su ba aikin kowa ba ne, tarkacen Windows ne da kanta. Saboda haka shara nake fara yi kafin kwasa. Akwai Disk Cleanup, abin shara na cikin Windows, wanda idan aka zaɓi share fayilolin babbar manhaja yakan fitar da ragowar tsofaffin sabuntawa; akwai foldar Downloads, inda manhajojin da aka riga aka girka suke kwance babu amfani; akwai kuma kwandon shara, wanda mutane da yawa ba su san cewa abin da ke cikinsa yana nan yana cin wuri ba. Fayil ɗin da kwamfuta ke amfani da shi wajen dogon barci, hiberfil.sys, shi ma yana cin giga da dama gwargwadon girman RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutar, alhali kwamfutar shago da ake kashewa kowane dare ba ta da wata buƙata da shi.

Bayan shara, ƙa'idata ita ce manhajoji su zauna a ciki tare da aikin da ake kan yi, wanda aka gama kuma ya fita. Windows tana ba da damar a mayar da foldar Documents ko Pictures ɗungurungum zuwa wata ma'adana, amma ban ba da shawarar a yi haka da ma'adanar waje ba, domin duk ranar da ba a jona ta ba, ko wani filash ya riga ta ya karɓi harafin da Windows ke kiranta da shi, kamar yadda ta ciki take C, manhajoji za su nemi kayansu su rasa. Wanda ya ga dole ya yi, to ya shiga Disk Management, wurin tsara ma'adanu a Windows, ya ba ta harafi daga can ƙarshe, kamar X, wanda babu filash ɗin da zai ƙwace. Kada kuma ka yi zaton an cuce ka idan ka ga tera 1 ɗinka ta nuna giga 931. Masu ƙerawa da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024.

Mai tura karatu da fina-finai a waya, yankin Ɗambatta

Ni sana'ata gaba ɗaya a ma'adanar waje take, domin babu kwamfutar da cikinta zai ɗauki tafsiran azumi na malamai daban-daban, da karatun Alƙur'ani, da fina-finai, da waƙoƙi. Kowane nau'i da tasa ma'adanar, na kuma rubuta sunan kowacce a jikinta, saboda ranar kasuwa ba a samun sukunin bincike.

Abin da ya fi damun mai irin sana'ata shi ne bairos, tun da a yini guda memori da filash na mutane iri-iri ne ke shiga kwamfuta. Akwai wanda yake mayar da foldoji su zama 'yan gajerun alamu, wato shortcut, mutum ya buɗe ya ga kamar komai ya tafi. Kayan suna nan, ɓoye su aka yi, kuma shaidar haka ita ce ma'adanar tana ci gaba da nuna a cike take. Wanda ya yi gaggawar fomatin, wato goge ma'adanar gaba ɗaya, a wannan lokaci shi ne ya yi asarar gaske. Game da sauri kuma, a duba ramin USB mai launin shuɗi a ciki, wato USB 3.0, wanda a tsofaffin kwamfutoci galibi a baya yake. A baƙin rami giga 10 kan ɗauki minti 5 ko fiye, a shuɗi kuwa kimanin minti 2, kuma mai layin mutane a gabansa ya san bambancin.

Mai ɗaukar bidiyon biki da suna, yankin Birnin Kudu

Ina goyon bayan abin da Malam na Ringim ya faɗa, amma akwai wani gefe da nake ganin ya fi shara da sauri muhimmanci. Idan mutum ya kwashe aiki daga ciki ya kai waje ya share na ciki, bai adana komai ba, wurin zama kawai ya sauya masa, kuma ya sauya masa zuwa wurin da ya fi haɗari. Ma'adanar waje mai faifai a ciki tana juyawa ne yayin aiki, sau 5,400 a minti a yawancin ƙananan. Faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana cikin juyawa ta isa ta kashe ta, kuma a shagon da yara ke shiga da fita, wayar ma'adanar na reto, wannan ba abu ne mai nisa ba.

Ni wuta ce ta nuna mini haka. Ina da babbar ma'adana irin wadda take da nata abin jonawa a bango, ana cikin kwafar bidiyon ɗaurin aure janareto ya mutu. Kwamfutar tana kan UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, ba ta mutu ba, amma ma'adanar tana kan soket ɗin bango, nan take ta ɗauke. Da aka tayar da wuta, sai Windows ta ce sai an yi mata fomatin kafin ta buɗu. Abin da ya fitar da ni kunyar iyalan ango shi ne katin kyamara yana nan ban share shi ba, amma tsofaffin bukukuwan da ke ciki sai da aka sa manhajar ceto fayil, wasu suka dawo, wasu suka dawo a gutsure. Takardar da ta ɓace ana iya sake bugawa, bikin da ya wuce kuwa ba a sake shi.

Yanzu tsarina shi ne in haɗa bidiyo a ma'adanar ciki, domin manhajar haɗawa ba ta jure jinkirin USB, kuma awa guda na ɗauka mai kyau kan haura giga 10. Idan na gama, sai in kwafa zuwa ma'adanu biyu, in buɗe kowanne kwafi in tabbatar yana tafiya har ƙarshe, sannan in share na ciki da na kati. Ɗaya tana shago, ɗaya tana gida, ba a jona ta sai ranar kwafi. Duk mai nata abin jonawa tana kan UPS tare da kwamfuta, ƙananan kuma da ke shan wuta daga USB dama suna rayuwa ne muddin kwamfutar na raye, shi ya sa na fi son su a wurin da wuta ba ta da tabbas. Wajen tsarin da ake zaɓa lokacin fomatin, duka NTFS na bar su, domin tana riƙe da bayanin abin da take cikin rubutawa, ta fi exFAT farfaɗowa idan wuta ta yanke. FAT32 kuwa ba ta karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, ba ta da amfani ga mai bidiyo.

Mai gyaran kwamfuta, yankin Bichi

Da izinin manya, ina ganin an tsallake hanya mafi sauƙi. Kwamfutar tebur ba laftof ba ce, ana buɗe ta. Yawancin Dell da HP na ofis da ake kawo mini suna da ramin SATA, inda ake jona ma'adanar ciki, da ba a amfani da shi, da wayar wuta a ajiye, sai dai ƙananan nan sirara da babu wuri a cikinsu. A sa ma'adana ta biyu a ciki mai giga 500 ko tera 1, a bar SSD ga Windows da manhajoji, a mayar da Documents can ba tare da fargabar harafi ba. Ba ta faɗuwa, ba a tuntuɓe da wayarta, ba a kuma aron ta. Wadda aka riga aka saya ta waje sai ta zama kwafi na biyu, abin da Malam na Birnin Kudu yake magana a kai.

Ina kuma jan hankali kan filash da ƙananan ma'adanu masu arha da ake rubuta tera 1 ko tera 2 a jikinsu. An sha kawo mini su: kwamfuta tana nuna girman da aka rubuta, amma abin da ke ciki kaɗan ne, idan ya cika sai sabon fayil ya hau kan tsoho, mai shi bai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, da take cika ma'adana ta sake karantawa don tabbatar da girmanta na gaskiya. A gwada kafin a ɗora mata amanar mutane. Idan an buɗe kwamfuta kuma, a hure ƙurar hunturu daga fanka.

Malama mai riƙe da rajistar makarantar Islamiyya, yankin Kazaure

Namu kayan ba su da nauyi, sunayen ɗalibai ne da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin wata, shekara guda ba ta cika giga ɗaya ba. Hotunan saukar karatu su ne masu cin wuri, su muke fitarwa waje, kowace shekara da foldarta. Takardun kuwa ina ɗora kwafinsu a Google Drive, ma'adanar intanet da ke ba da giga 15 kyauta, da asuba lokacin da sabis ya fi ƙarfi a garinmu. Tambayata ga Malam mai gyara ita ce, ma'adanarmu ta waje ta fara wani ƙaramin ƙara kamar ƙyas-ƙyas idan an jona ta, wani lokaci kuma sai ta ɓace ta dawo. Alamar mutuwa ce?

Mai gyaran kwamfuta, yankin Bichi

Malama, yana iya zama ɗayan biyu. Sau da yawa wuta ce ba ta isar ta, musamman idan a ramin gaba aka jona ta, ko ta doguwar waya, ko ta abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu. A gwada ramin baya kai tsaye da gajeriyar waya mai kyau. Idan ƙarar ta ci gaba bayan haka, to allurar da ke karanta faifan ce ta fara gazawa, kuma kowace kunnawa tana ƙara ɓarna. Kada a yi mata fomatin, kada a sa manhajar gyara ta yi ta bincike a kanta, kada kuma a bari wani ya kwance murfin faifan a shago, domin ƙura kaɗan ta isa ta lalata shi. A tanadi wurin da za a zuba kaya tukuna, sannan a jona ta a kwashe, a fara da hotunan da ba su da kwafi a ko'ina, takardun da ke Google Drive su zo daga baya.